KIWON KAJI A GIDA: MU SHIRYA KAFIN SANYI YA SHIGO



Yau za mu yi magana kan kaza. Wani zai ce: "Kaza kuma? Wa bai san kaza ba?" Gaskiya ne, kowa ya san ta. Daga Maine Sorowa zuwa Cetimari, daga Geskeru zuwa Boso, da wuya ka shiga gida ba ka ga kaza tana tono a tsakar gida ba. Amma mu tambayi kanmu. Ƴan tsaki nawa aka ƙyanƙyashe a gidanmu bara? Nawa suka girma? Nawa muka kai kasuwa? Idan muka yi lissafi, za mu ga asarar ta fi ribar yawa.

KAZA ASUSUN TALAKA CE

Mutanen wannan kwari sun sha wuya. Tun ran 6 ga watan Fabarairu na 2015, da aka kai hari Boso da Diffa, mutane da yawa sun bar garuruwansu. Wasu sun zauna a bakin babbar hanya, wasu a sansanin Sayam Foraj. A shekarar nan aka hana cinikin tattasai da na kifi. Sai a 2017 aka sake buɗe na tattasai, na kifi kuma a 2019. Bayan haka kogi ya yi ambaliya a 2019 da 2022, ya ci gonaki da gidaje. Wanda ya rasa saniya ba zai iya sayen wata yau da gobe ba. Amma kaza biyu da zakara ɗaya ba su fi ƙarfin mutum ba.

Kaza ba ta bukatar makiyayi. Ba ta bukatar babban fili. Mace tana kiwonta tana aikin gida. Yaro ma yana iya ba ta ruwa. Ran da baƙo ya zo, ita ce. Ran da yaro ya kwanta ba lafiya, ita ake kamawa a kai kasuwa a sayi magani. Ran da aka ce a kawo kuɗin littafi, ita ce dai. Kaji suna sayen akuya, awaki suna sayen saniya. Haka dukiya take farawa.

To, abin da ke fid da mu kunya haka, ya kamata mu bar shi ga shirwa da annoba?

MU SAN KAZARMU

Kazar gida tana fara ƙwai tana da wata 6 ko 7. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta yi kwanci. A shekara takan yi haka sau 3. Ke nan ƙwanta na shekara bai cika wuce 40 ko 50 ba.

Akwai kajin gidan gona, waɗanda ake kira kajin Turawa. Irin na ƙwai suna iya yin fiye da 250 a shekara. Amma sai da abincin saye kullum, da magani, da ɗaki mai kyau. Yawancinsu ba su kwanci. Zafin bazara na Diffa, wanda ke wuce awo 40 a watan Afirilu da Mayu, yana kashe su da sauri. Kazarmu ta gida kuwa ta saba da rana. Ta iya neman abinci. Ta iya reno. Saboda haka mai farawa ya fara da ita. Abu huɗu take so a wurinmu: ɗaki, abinci da ruwa, rigakafi, da tsaron ƴaƴanta.

NA FARKO: AKURKI

Kazar da ke kwana a kan bishiya ko a bayan rumbu, ta Allah ce da muzuru. Sanyi ya buge ta, ruwa ya buge ta, ɓarawo ya ɗauka. Ƙwanta ma ba a san inda take zubawa ba.

Gina akurki ba ya cin kuɗi. Laka, itace, kara da kaba, duk muna da su. Ga abin da za a kula da shi:

1. A gina shi a kan tudu. Mu mutanen bakin kogi mun san Komadugu yakan cika wajen watan Oktoba da Nuwamba. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tsawo, don kada ruwa ya kwanta.

2. Ƙofa ta dubi kudu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Hadari kuma daga gabas yake tasowa.

3. Ya zama da faɗi. Ɗaki mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, ya ishi kaji 15 zuwa 20 kwana.

4. Ƙofar ta isa mutum ya shiga ya yi shara. Akurkin da hannu kaɗai ke shiga ba ya sharuwa. Nan ne ƙwari ke taruwa.

5. A bar tagogi ƙanana a sama don iska. A toshe su da waya ko da ƙirare, don kada maciji da gafiya su shiga.

6. A gitta sanda a ciki, tsawon kamu ɗaya daga ƙasa. Kaza tana son kwana a bisa. Kowace kaza a ba ta wurin taƙi ɗaya.

7. A yaɓe bangon ciki sumul. Cikin tsagar bango kaska da ƙuma ke ɓuya da rana. Da dare su fito su sha jinin kaji.

A share akurki sau biyu a mako. Bayan shara a barbaɗa toka. Kashin kaji kada a zubar. Taki ne mai ƙarfi. A tara shi a rami tare da ciyawa, a bar shi ya ruɓe kamar wata 2, sa'an nan a kai fadamar tattasai ko ta albasa. Ɗanyensa yana ƙone shuka.

NA BIYU: ABINCI DA RUWA

Muna cewa kaza ita ke ciyar da kanta. Da damana da kaka, gaskiya ne, akwai ƙwari da ɗanyar ciyawa da hatsin da ya zube. Amma da rani me za ta samu a cikin rairayi? Kazar da ba ta ƙoshi ba, ba ta ƙwai.

Jikin kaza yana son abinci iri huɗu.

Mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, dusar hatsi, dusar shinkafa, ragowar tuwo. A nan kwari muna noman shinkafa. Dusa da tsakin da ke fita a wurin injin casa abincin kaji ne.

Mai gina jiki: gara, fara, tsutsa, ƙuli-ƙuli, da garin kifi. Wannan shi ne wanda kajinmu suka fi rasawa. Mu kuwa Allah ya ba mu kifi. Ɓurɓushin banda da ke zuba a gindin buhu, da kawunan kifi, a shanya su, a daka. Amma kada a ba su kifin da aka sa wa gishiri da yawa. Kada a ba su wanda aka zuba wa maganin ƙwari. Haka kuma farar da aka yi wa feshi guba ce.

Mai gina ƙashi da ɓawon ƙwai: ƙashin da aka ƙona aka daka, da ɓawon ƙwai. A gasa ɓawon, a daka shi lilis kafin a ba su. In an jefa musu shi yadda yake, za su koyi fasa ƙwansu suna sha.

Mai kare lafiya: ɗanyen ganye, kamar zogale, yakuwa, salati da ganyen kabeji na lambu.

Babbar kaza mai yawo, a ƙara mata cikin tafin hannu ɗaya a rana. Rabi da safe, rabi da marece a bakin akurki. Ta haka za ta saba dawowa gida da kanta. Kada a ba kaji hatsi ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna. Yana lalata hanta.

Ga yadda ake kama gara ba da wahala ba. A samo tsohuwar tukunya. A cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara. A yayyafa ruwa. Da marece a kife ta a inda gara ke bi, a rufe da tsumma. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a ɗaga. Za a tarar gara ta cika ta. A zazzage wa ƴan tsaki. Tukunya 2 ko 3 sun isa a riƙa juyawa.

Ruwa kuwa, shi muka fi mantawa. Fiye da rabin ƙwai ruwa ne. Kaji 10 suna shan kamar lita 3 a rana, da bazara ma fiye. A sa ruwan a inuwa. A wanke kaskon kullum, a zuba sabo. Kazar da ke shan ruwan kwata, ciwo take sha.

NA UKU: ZAƁEN IRI

Manomi ba ya cinye zangarniya mai kyau ya bar marar kyau don iri. To, don me muke kai babban zakara kasuwa, mu bar ƙanƙane a gida? Ɗa yana gadon ubansa.

Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. In zakaru sun yi yawa, sai faɗa. Abinci yana ƙarewa, kaji suna wahala. A zaɓi ɗaya mai faɗin ƙirji, mai jan tukku, mai ƙarfin ƙafa, mai kuzari. Sauran a sayar ko a yanka.

Kowace shekara a sake zakara. A yi musanya da wani gida na nesa, ko wani gari. In zakara ya daɗe yana bin ƴaƴansa da jikokinsa, iri yana lalacewa. Ƙwai ya ƙi ƙyanƙyasa, ƴan tsaki su fito ba ƙwari.

A cikin mata, a riƙe wadda ke yin ƙwai da yawa, take zama daram a kan kwanci, take kare ƴaƴanta. Kazar nan mai wuya ba gashi, kada a raina ta. Ta fi sauran jure zafi. Kazar da ta wuce shekara 3, ƙwanta ya ragu. A sayar da ita, a sa sagara a madadinta.

NA HUƊU: ƘWAI DA KWANCI

A nan ne karatunmu zai yi mana rana.

A yi wa kowace kaza mai kwanci wurinta. Fasasshiyar tukunya ko kwando ya isa. A zuba rairayi da toka a ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ganyen dogon yaro. A ajiye a wuri mai duhu, mai sanyi, inda sauran kaji ba za su dame ta ba.

Kullum a kwashe ƙwan da aka yi, a bar ɗaya a wurin don kada ta sauya. Kowane ƙwai a rubuta masa kwanan wata da fensir. A ajiye su a ƙwarya mai dusa, kusa da randa, tsinin yana duban ƙasa. Ƙwan da za a sa a kwanci ba a wanke shi.

Ran da kaza ta zauna, a duba rubutun. A zaɓi waɗanda ba su wuce kwana 7 ba. A bar mai tsaga, da ƙanƙane ƙwarai, da mai karkataccen fasali. A sa mata 8 zuwa 10, gwargwadon girmanta. In an cika mata, fikafikanta ba za su rufe su ba, na gefe su yi sanyi su lalace. Sauran ƙwan na gida ne da na kasuwa.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Na zabo kwana 26 zuwa 28. Na agwagwar gida kwana 35. Zabuwa ba ta iya reno sosai ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Amma kada a haɗa ƙwan kaza da na zabo rana ɗaya. Nata za su riga fita, ta tashi ta bar sauran.

A rubuta ranar da ta zauna a littafi, a ƙirga 21. Misali, in ta zauna ran 1 ga wata, sai a jira ƴan tsaki ran 22.

A kwana na 8 ko na 10, da dare, a haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai za a ga duhu da jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fes, ba ɗa a ciki. A fid da shi, don kada ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran.

A ajiye wa mai kwanci ruwa da hatsi kusa. Takan tashi sau ɗaya a rana ta ci, ta yi wankan ƙasa, ta koma.

A watan Afirilu da Mayu zafi yana lalata ƙwai da yawa. Gara a rage kwanci a lokacin, a ci ƙwan ko a sayar.

NA BIYAR: RENON ƳAN TSAKI

Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. A makonnin farko ne muke asara mafi yawa. Uwa tana jan su cikin rana da raɓa. Shirwa ta ɗauki ɗaya, hankaka ya ɗauki ɗaya, ɗaya ya faɗa a kwata, ɗaya jaki ya taka. Cikin 8 sai a ga 2 sun rage.

Maganin abin shi ne tsarewa. A saƙa babban kwando mai ramuka, ko a yi keji da ƙirare da tsohuwar koma. A kife uwa da ƴaƴanta a inuwa. Kullum a gusa shi zuwa wuri mai tsabta. Da dare a mai da su ɗaki. Da hunturu a rufa buhu a kan kwandon, a bar kafar iska. A yi haka mako 4 zuwa 6.

Ranar farko a ba su ruwa mai tsabta da ɗan sukari kaɗan. A zuba tsakuwa a cikin kaskon ruwan don kada su nutse.

Ga haɗin abincin ƴan tsaki. A auna da gwangwanin tumatir:

Tsakin hatsi ko na masara: gwangwani 5
Dusa mai laushi: gwangwani 2
Garin ƙuli-ƙuli marar yaji: gwangwani 2
Garin kifi: gwangwani 1

Duka 10 ke nan. A ƙara garin ƙashi cikin cokali 2. A gauraya sosai. A ba su kaɗan-kaɗan sau 4 a rana, a kan faifai ko kasko. A ƙara musu gara da yankakken zogale.

Bayan mako 6 sun yi gashi, sun yi wayo. A raba su da uwar. Ita kuma, in tana ƙoshi, ba za ta daɗe ba ta koma ƙwai. Ta haka ake samun kwanci 4 a shekara maimakon 3.

NA SHIDA: ANNOBAR KAJI

Yanzu mun zo kan babbar magana. Kowa ya san ciwon nan da ke zuwa da sanyi, ya share kajin gari cikin mako ɗaya ko biyu. Likitocin dabbobi suna ce masa Niyukasal. Sunan wani gari ne a Ingila. An fara gane ciwon a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya a 1926, ba da daɗewa ba aka gan shi a garin nan na Ingila. Yau yana ƙasashe da yawa na duniya.

Alamominsa: kaza ta takure, ta saki fikafikai kamar mai jan riga. Ta daina ci. Tana gyangyaɗi. Tana numfashi da ƙyar, baki buɗe. Kashinta ruwa-ruwa, kore. Wata wuyanta ya murɗe, tana juyi. In ya shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, yana iya kashe 8 ko 9 cikin 10, wani lokaci duka.

Ba iska ce kawai ke kawo shi ba. Ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani. Tana cikin kashi da majinar kaza marar lafiya. Tana bin kazar da aka sayo a kasuwa, da kejin dillali, da takalmi, da gashi da hanjin da aka zubar a juji. Mu da kanmu muke yaɗa ta. Da mun ga kaji sun fara mutuwa, sai mu kwashi sauran mu kai kasuwa. Mai saye ya kai ta garinsu.

Ku ji da kyau: wannan ciwo ba shi da magani. Tonka a ruwa ba ta warkar da shi. Ɓawon maɗaci ba ya warkar da shi. Kafson da ake saye a tebur ba ya warkar da shi, asarar kuɗi ce. Abu ɗaya ne ke tsare kaji, shi ne rigakafi.

Rigakafin iri biyu ne. Akwai na allura. Akwai kuma na ɗigawa a ido, mai suna I-2, wanda masana na ƙasar Ostareliya suka samo don kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya a ido ɗaya ya isa, ko ga babbar kaza ko ga ɗan tsako. Ana maimaita shi kowane wata 4. Misali: Oktoba, Fabarairu, Yuni. Na watan Oktoba shi ne ba a wasa da shi, don yana gaban sanyi.

Ga ƙa'idodinsa:

1. Kaza mai lafiya ake yi wa. In ciwo ya riga ya shiga gida, lokaci ya wuce.

2. Sai bayan mako 1 zuwa 2 yake fara tsare jiki. Don haka ake yi tun kafin annoba ta zo.

3. Rana tana kashe shi. Diffa tana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, magani yana shan tafiya. A saye shi a wurin ma'aikatan kiwo ko likitan dabbobi mai izini, inda ake ajiye shi cikin sanyi. Kada a saya a rana a tsakiyar kasuwa. A ɗauko shi a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

4. In an jiƙa na ido, kwana 2 kawai yake yi. Bayan haka a zubar.

Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, ta fi ƙarfin gida ɗaya. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ku haɗa kai, unguwa ɗaya ko aji ɗaya. Ku rubuta sunan kowa da yawan kajinsa. Ku tara kuɗin, ku kira malamin kiwo. A tsare kaji tun dare, a yi aikin da sassafe. Kuɗin kaza ɗaya ya isa a yi wa kajin gida duka.

Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Wadda ta kamu a ware ta nan da nan. Wadda ta mutu a ƙone ta, ko a binne ta a rami mai zurfin mita 1. Kada a jefa ta a juji. Kada a jefa ta a kogi, mutanen ƙasa da mu suna shan ruwan.

MURAR TSUNTSAYE

Akwai wani ciwo mai kama da wannan, ana ce masa murar tsuntsaye. An tabbatar da shi a Nijar a watan Fabarairu na 2006, a Magariya cikin jihar Damagaram. Bambancinsa shi ne yana iya kama mutum, har ya kashe. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna iya ɗauko shi, mu kuwa muna zaune kusa da kogi da tafkin Cadi. Ido ba ya rarrabe shi da Niyukasal, sai an auna. In kaji da zabi da agwagi suna mutuwa farat ɗaya, ko an ga matattun tsuntsaye a bakin ruwa, kada a taɓa da hannu. Kada a fige, kada a ci. A hana yara zuwa wurin. A sanar da mai gari da ma'aikatan kiwo a ranar.

ƘWARI DA TSUTSAR CIKI

Ƙwarƙwata, ƙuma da kaska suna shan jinin kaza har ta rame. Mai kwanci takan gudu ta bar ƙwanta saboda su. A tona ɗan rami a inuwa, a zuba toka da rairayi, kaji su yi wanka a ciki. Bayan kowane kwanci a ƙone tsohuwar ciyawar, a sa sabuwa. Kada a fesa wa kaji maganin ƙwarin tattasai. Yana kashe su, yana cutar da mai cin naman.

Maganin tsutsar ciki yana wurin malamin kiwo. A ba su a farkon damana da ƙarshenta. Duk maganin da aka ba kaza, a tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta.

ƘWAI DON YARANMU

Wasu suna cewa in yaro ya ci ƙwai zai zama ɓarawo. Wasu suna hana mai ciki. Wannan camfi ne. Ƙwai abinci ne mai gina jiki. Yaron da ya kai wata 6 yana iya cin dafaffen ƙwai, a murmushe masa a kunu ko a abinci mai laushi, yana kuma shan nono. Mai ciki da mai goyo su ma suna bukatarsa. A dafa shi ya nuna sosai. Muna sayar da ƙwai mu sayo wa yaro biskit. Wanne ya fi amfani a jikinsa?

In ana shakkar ƙwan ci, a sa shi a ruwa. Sabo yana nutsewa. Wanda ya taso sama ya lalace.

LOKACIN SAYARWA

Zakaran gida yana isa yanka a wata 5 zuwa 6. Kaji suna tsada da salla ƙarama, da salla babba, da lokacin bukukuwa. Mai wayo yakan duba kalanda, ya ƙirga wata 6 baya, ya sa kwanci. Kada mu jira sai annoba ta shigo mu sayar da arha.

MU YI LISSAFI

Ga misali. Gida biyu, kowane yana da kaji 4 da zakara 1. Kowace kaza ta yi kwanci sau 3, kowane kwanci ta fid da ƴan tsaki 8.

4 x 3 x 8 = 96

Gida na farko ba akurki, ba tsarewa, ba rigakafi. Cikin kowane 8, biyu suka girma.

4 x 3 x 2 = 24

Gida na biyu ya bi abin da muka faɗa. Cikin kowane 8, shida suka girma.

4 x 3 x 6 = 72

72 - 24 = 48

Kaji 48 ne tsakaninsu. Ku tambayi kuɗin kaza a kasuwarku, ku ninka sau 48. Awaki nawa ke nan? Kuma kada ku manta, 24 ɗin nan na gida na farko suna jiran annoba.

LITTAFIN KAJI

Kowa ya ware shafi a littafinsa. Ya ja layi biyar: kwanan wata, ƙwan da aka samu, ƴan tsakin da suka fita, waɗanda suka mutu, kuɗin da aka samu. A ƙasa ya rubuta ranar rigakafi da ranar da za a sake. Bayan shekara ɗaya littafin zai gaya masa gaskiya. Amfanin karatu ke nan.

TAMBAYOYI DON AJI

1. A wane wata kaji suka fi mutuwa a garinku?
2. Ƙwai nawa ya kamata a sa wa kaza a kwanci? Don me?
3. Kaza ta zauna ran 5 ga wata. Yaushe ƴan tsaki za su fita?
4. Me za ku yi da kazar da aka sayo a kasuwa?
5. Kaji nawa ne a unguwarku? Wa zai rubuta su? Wa zai je wurin malamin kiwo?

Ƴan uwa, ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba. Ku karanta wa mata, don yawancin kajin nasu ne. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba shi da magani. Mu gyara akurki, mu ƙirga kajinmu, mu sa ranar rigakafi tun kafin hunturu ya buso.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a kiwonmu. Amin.